Mai-Kilo, Kakana da Bai Taɓa Hawa Jirgi Ba

Daga Allah muke, kuma can za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ranar Laraba bayan azahar kakana na wajen uwa ya cika a ɗakinsa da ke tsohon gari, kafin magariba an kai shi makwancinsa. Sunansa na yanka mutane kaɗan ne suka riƙe a Agadas. Mai-Kilo ake ce masa, saboda shekara talatin da ɗoriya da ya yi yana awon kayan matafiya a filin jirgi.

Kwana uku muna zaman makoki. Ina cikin gida wajen mata, amma tabarmata tana kusa da ƙofar zaure, don haka kunnena yana waje. Na ɗauka zan ji ana ta yabonsa da haƙuri da sanyin hali, irin abin da ake faɗi a kan kowane mamaci. Sai na ji rabin masu ta'aziyya ƙararsa suka kawo.

Amininsa, wani tsohon maƙerin azurfa, shi ya fara.

"Mutumin ga tare aka yi muna kaciya," ya ce. "Amma ran da na kawo akwatin azurfa zan tahi Yamai, ya aza bisa ma'auni ya ce na wuce da kilo huɗu. Na ce, haba, ni ne fa. Ya ce shi ya gane ni, jirgi ne bai gane ni ba. Wata shida ban taka ƙofar gidan ga ba."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shi kuwa maƙerin ya ja rawaninsa ya rufe fuska.

A cikin gida wata tsohuwa mai sayar da cuku ta zo tana dogara sanda, ta zauna kusa da Inna, mahaifiyata. Ta ce lokacin da ɗiyarta ta haihu a Yamai, wani ɗan'uwa ya saya mata tiken jirgi, ta zo da kaya niƙi-niƙi. Mai-Kilo bai rage mata ko rabin kilo ba. Amma ya bi layin Annasara masu yawon buɗe ido yana ɗaɗɗaga jakunkunansu ɗaya bayan ɗaya, har ya samu mai ƴar jaka mara nauyi. Ya kwance ƙunshinta a gaban mutumin, ya nuna masa cuku ne da dabino da zannuwan jariri, ya roƙe shi da guntun Faransancinsa ya karɓi nauyin a kan tikensa. "Ya sa ni kuka, ya kuma share mini hawaye, duk cikin awa guda," in ji ta.

Rana ta uku wani baƙo ya zo, mai haƙar zinariya ne daga Jado, can cikin hamada, amma asalinsa mutumin kudu ne, ba wanda ya san shi a gidan. Ya ce shi ma bai san mamacin ba. Ya dai ji a kasuwa cewa tsohon da ya sa jirgi ya fara karɓar saƙon mutane ya rasu, shi kuwa bara ta wannan hanya ya aika wa matarsa kayan suna, sai ya ga ya kamata ya zo ya yi addu'a. Ya yi, ya tashi, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Wannan baƙon ne ya sa na ɗauki alƙalami. Labarin da ya ji gaskiya ne, amma ba a rubuce yake ko'ina ba sai a shafi guda na wani kundin ɗalibai da ke kwance a jami'a. Ni ce na san yadda aka yi, domin da ni aka yi, kuma ba rawar kirki na fara takawa ba.

Kaka mutum ne dogo, siriri, mai manyan hannuwa. Ba ya iya wuce kaya bai ɗaga ba. In Inna ta dawo daga kasuwa, kafin ya amsa sallama ya karɓi kwandon, ya ɗan jijjiga, ya ce kilo kaza. Buhun gawayi, tulun ruwa, jaririn da aka kawo masa ya sa wa albarka, duk sai ya faɗi nauyinsu. Muna yara mukan kai abu wajen mai shago a auna don mu kama shi da kure, ba mu taɓa yin nasara ba. Ni amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika, yakan ce ya fasa aurena don cin da nake yi zai karya masa ma'auni. Ni kuma in ce wa zai auri tsohon da ya ƙare rayuwarsa a gindin jirgi bai taɓa leƙa cikinsa ba.

Wannan kuwa gaskiya ce. Sau da yawa matuƙa sun yi masa tayin su ɗauke shi kyauta, ya ƙi. Ba tsoro ba ne, in ji shi, kujerar da zai zauna ta isa buhun wani. Maganarsa guda ce a kan aikinsa: "Jirgi ba ya jin magiya." In rana ta take, zafi ya yi ƙarfi, jirgi ba ya iya tashi da nauyin da yake tashi da shi da sanyin safiya, ko sarki ne a ciki. Ya ga zamanin da jiragen Turai ke sauka cike da baƙi, ya kuma ga ranar da suka daina zuwa. Bayan ya ajiye aiki, duk ranar da ƙaramin jirgin Yamai zai sauka yakan fito ƙofar gida ya kasa kunne. In ya ji ƙararsa sai ya ce, "To, har yanzu ba a manta da mu ba," ya koma ya ci gaba da dafa shayinsa.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a Yamai, ina karatun tafiyar da kamfanoni, malaminmu ya raba mu uku-uku. Ya ce a ƙasashe da yawa haka ake yi: kamfanin jiragen sama ya kawo wa ɗalibai matsalar da ta dame shi, su yi bincike, su ba da shawara, wannan ne kundinsu na kammalawa. Mu ukun da nake ciki aka ba mu matsalar wani ƙaramin kamfani mai zuwa Agadas. Jirginsu yakan tafi da kujeru da yawa babu kowa, ya dawo haka. Sun rage kuɗin tike, bai cika ba. Shugabanninsu sun yanke cewa in shekara ta ƙare ba a ga canji ba, za su daina zuwa.

Ga abokan karatuna biyu wannan aikin makaranta ne, a samu sakamako mai kyau a wuce. Ni kuwa ina jin an ce Agadas gabana ya faɗi. Na san abin da hanyar mota take: yini da kwana a cikin bis, ramuka, tsayawa nan da can. Na san masu ciwon da ba za su iya wannan tafiyar ba. Na kuma tuna tsohon da ke fitowa ƙofar gida yana kasa kunne.

Da yake ni ce ƴar gari, ni aka turo da hutu in yi tambayoyi. Muka tsara takarda mai kyau: Me ya hana ka hawa jirgi? Tsada, tsoro, ko ranakun tashi ba su dace ba? Na zaga kasuwa, na shiga wurin masu manyan motoci, na je inda ake sayen zinariya. Mako biyu ina yi. Kusan kowa ya ce tsada. Na dawo gida da takarduna ina jin kaina kamar na haƙo rijiya ni kaɗai.

Da la'asar Kaka yana kan tabarmarsa a zaure, ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce in faɗa masa su wa na tambaya. Na lissafa.

"Alhajin nan mai manyan motoci, shi ma tsada ya ce?"

"Haka ya ce."

"Da mai sayen zinariya na bakin kasuwa?"

"Shi ma."

Ya zuba shayi daga sama, ya mayar cikin buta, ya sake zubawa. "Amarya, takardun ga ki ba innarki ta hura wuta da su."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ai matambayi ba ya ɓata.

"In ya tambayi mai kunya, yana ɓata," ya ce. "Kin ba mutum ƙofa uku, babu tasa a ciki. Dole ya hita ta wadda ba za a yi masa dariya ba."

Da na yi shiru nan da na huta. Amma ina da baki, kuma lokacin ina ji da karatuna. Na ce, "Kaka, wannan ilimi ne, ba awon buhu ba ne. Kai da ko sau ɗaya ba ka taɓa shiga jirgi ba, mi ka sani game da masu shiga?"

Wannan maganar na sha faɗa masa cikin wasa, yana dariya. Ran nan ba da wasa na faɗe ta ba, kuma ya ji bambancin. Ya miƙo mini kofin shayina kamar kullum, ya ce, "Ga shi, Malama."

Kwana uku ina Malama. In na gaishe shi ya amsa da kyau, ya tambayi lafiyata kamar baƙuwa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Inna ba ta sa baki ba sai a rana ta uku, muna tankaɗe, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Awon buhun nan shi ya ciyar da ni, ni kuma na ciyar da ke har kika san hanyar jami'a." Na ajiye rariya, na tafi zaure na durƙusa. Na fara ba da haƙuri, ya katse ni.

"Ɗauko mayahinki. Takarda kuwa ki bar ta gida. Gani ya kori ji."

Tashar bis ya kai ni, daidai lokacin da ake karɓar kayan masu tafiya gobe. Ya sa na zauna a kan wani benci ya ce kada in tambayi kowa komai, in dai buɗe ido. Na ga abin da nake gani tun ina yarinya ban taɓa lura da shi ba. Kowane matafiyi guda, mutum biyar ko shida ne ke biye da shi, kowa da ƙunshinsa. Wannan kwalin cuku, wannan buhun dabino, waccan lemun lambunan dutse, wani takalmin fata, wata ƴar jakar magani.

Kaka ya hango Alhajin nan mai manyan motoci tsaye a kan tulin kaya, ya yafuto shi. Suka gaisa, suka taɓa barkwanci.

"Alhaji, cikin kayan ga wanne ne naka?"

Alhaji ya nuna wata ƴar jaka da ke rataye a kafaɗarsa.

"Sauran fa?"

Ya fara nunawa. Wannan na maƙwabciyarsa ne, za a kai wa ɗiyarta da ke karatu. Wannan na limamin unguwa. Wannan na matar direbansa. Wancan bai ma san na wane ne ba, da ya fito sallar asuba ya tarar da shi a zaure da suna a jiki.

"To mi ya hana ka hawa jirgi, kai da ba ka rasa ba?"

Alhaji ya dube ni, ya gane ni, ya yi dariya yana sosa ƙeya. "Ɗiyar ga ta tambaye ni na ce mata tsada. To mi zan ce? Sau ɗaya na hau. A ɓoye na tahi kamar ɓarawo, don kilo ɗin da suke ba mutum ko kayan gida guda bai ɗauka ba. Da na dawo, maƙwabciyata wata biyu tana amsa gaisuwata da baya. Ni da in ce wa mutanen unguwa a'a, gara ƙashin bayana ya karye a mota."

A hanyar gida Kaka ya ƙara mini da wani abu. Ya ce duk duniya, in mutum zai shiga jirgi, ana tambayarsa ko shi ya ɗaure kayansa da hannunsa, ko wani ya ba shi abu ya riƙa. Tambaya ce mai kyau, don tsaron rayuka aka yi ta. Amma a garin nan tana sa mutumin kirki ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya yi ƙarya, ko ya kwance ƙunshin matar maƙwabcinsa a gaban jama'a. Sannan ya ce, "Yi sauri, amarya, magariba ta gabato." Jin wannan sunan ya sa na kusa yin kuka a tsakiyar hanya.

Na kira abokan karatuna na ce mu zubar da abin da muka yi mu sake. Ɗaya ya yi ta faɗa, ya ce lokaci ya ƙure, kuma ba a rubuta kunya a cikin kundin jami'a. Ɗayar, wata Bazabarma mai sanyin magana, ta ce su ma a garinsu haka ake, in dai ci gaba. Na koma wurin mutanen da na tambaya, wannan karon ba takarda, na zauna na sha shayi na bar su suka yi ta zance.

Da na gama na zo wa Kaka da dabarata, ina murna. Na ce kamfani ya buɗe wurin aika kaya, kowa ya kai ƙunshinsa can, matafiyi ya huta.

"Wurin aika kaya akwai shi tun kafin a haife ki," ya ce. "Mi ya sa har yau ake bin Alhaji da ƙunshi?"

Na ce ban sani ba. Na koyi faɗin haka a makon nan.

"Don saƙo ba kaya ba ne kawai. In na ba ka, na ce na yarda da kai. In ka kai, ka shiga gidan, ka ga ɗiyata da idonka, ka dawo ka ce mini ta yi ƙiba ko ta rame. Zumunta a ƙafa take. In kika raba saƙo da mai ɗaukarsa, kin raba Alhaji da mutuncinsa, ba zai gode miki ba."

Kwana da kwanaki muna juya maganar a zaure, ni da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, shi da butar shayi, har muka tsaya a kan abu uku. A buɗe ɗan shago a cikin gari, inda mai saƙo zai kawo ƙunshinsa da kansa kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, mace ta kwance a gaban mace, namiji a gaban namiji, a duba a ɗaure. A rubuta saƙon a kan tiken matafiyin, da sunansa, shi zai karɓa a can ya kai da ƙafarsa. Mai nauyi da ba ya lalacewa ya riga shi tafiya ta mota ya jira shi, magani da abin da ba ya jira su shiga jirgi. Na ukun nasa ne shi kaɗai: a daina tashi daga Agadas da tsakar rana, a tashi da sanyin safiya, lokacin da jirgi ke iya ɗaukar nauyi.

Ranar da muka kare kundin a gaban malamai, kamfanin ya turo wata mata daga cikin shugabanninsa. Ta saurara har muka gama ba ta yi murmushi ba. Sannan ta buɗe shafin ƙarshe, inda ake jera littattafan da aka karanta, ta sa yatsa a kan layi guda.

"Wannan wane ne? Ban ga sunan littafinsa ba."

Malaminmu ya riga ya ce mini in cire layin, na ƙi. Na miƙe na ce kakana ne, ba shi da littafi, shekara talatin ya yi yana awon kaya a filin jirgin Agadas. Ta tambaya ko yana raye. Na ce yana nan. Ta ce, "Bon, to. A gaishe shi." Na fita ban san inda muka kwana ba.

Bayan wata biyu aka kira malaminmu aka ce za a gwada. Ba zan ce mu ne muka ceci jirgin ba, Kaka ma zai tashi ya ƙaryata ni. Akwai masu zinariya da suka ƙaru, akwai ma'aikata, akwai abubuwan da ba mu sani ba. Shagon ma da farko rikici ya yi ta yi, an taɓa kai wa wani liman kwalin kayan kitso. Har yau wani makon jirgin ba ya zuwa. Amma shekara ta ƙare ba a daina ba, wata ta zo ta wuce. Matar kamfanin nan ta aiko wa Kaka da tike kyauta, zuwa da dawowa. Ya juya shi gaba da baya, ya sa aka canza suna, ya ba maƙerin azurfa, ya ce ramuwar kilo huɗu ce.

Ni na samu aiki a Yamai na zauna. Ranar Litinin ɗin makon da ya rasu, da la'asar, Inna ta kira ni. Ba ta da yawan magana a waya. Ta ce, "In za ki zo, ki zo." Da ta mota ce, da sai na kama bis ɗin asubar Talata, in isa Laraba, in Allah ya sa hanya ta yi kyau. Akwai jirgi Talata da hantsi. Na samu kujera.

Ban faɗa wa kowa ba, amma labari ba ya ɓuya a gidan haya. Kafin magariba wata maƙwabciyata, ƴar Agadas, ta ƙwanƙwasa ƙofa da ƴar leda a hannu, maganin ido ne na mahaifiyarta. Allah ya sani raina bai so ba. Ina tunanin ko zan tarar da kakana da rai, ita tana kwatanta mini ƙofar gida. Na karɓa, washegari ta biyo ni aka duba aka rubuta a kan tikena.

Na iske shi kwance, ya rame har manyan hannuwan nan sun fi ƙarfin jikinsa. Inna tana gefe da mafici. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona.

"Amarya. Ta sama ko ta ƙasa?"

"Ta sama, Kaka."

"Na ji saukarsa. Ya cika?"

"Saura kujera biyu."

Ya lumshe ido, na ga gefen bakinsa ya motsa. "Saƙon wa kika ɗauko?"

Na faɗa masa.

"Kin kai?"

"Wurinka na fara zuwa."

"Tashi ki kai. Tsohuwa na can ba ta gani, ke kina nan kina kallona."

Na dubi Inna, ta yi mini alama da kai in tafi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba. Na hau kabu-kabu ina addu'a, na kai maganin, tsohuwar ta riƙe hannuna tana tambaya ko ɗiyarta tana cin abinci, ko ta rame. Na tsaya na amsa mata duka, domin na san zai tambaye ni. Da na dawo na tsaya a ƙofar ɗaki ina sauraron ko zan ji kuka. Muryarsa na ji yana ce wa Inna shayin da ta dafa ruwa ne.

Ya tambaye ni yadda na samu tsohuwar, na faɗa. Sai idonsa ya sauka a kan jakata da ke jingine da bango, wadda aka auna mini da safe a Yamai.

"Miƙo ta nan."

Inna ta ce, "Baba, ka bari." Bai kula ta ba. Na kawo jakar na sa masa igiyar a hannu. Na ga hannun yana rawa, na san ba zai iya ba, sai na zura nawa ta ƙasa a hankali na tallafa, ina kallon wani wuri. Jakar ta ɗan tashi daga tabarma. Ya tsaya yana jin nauyinta.

"Kilo biyar," ya ce.

Zuciyata ta karye. Na buɗe baki zan ce daidai ne.

"Da ukun da kike tallafe da su, takwas. Cire hannunki, amarya, ba a yi wa ma'auni taimako."

Takwas ɗin ne. Muka yi dariya mu uku, ni da Inna muna share hawaye. Na kwana a gidan, na yi masa shayin safe da hannuna, ya sha rabi ya ce na fi innata iyawa. Bayan azahar ya tafi. Da bis na biyo, da a wannan lokacin ina hanya.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ayyukansa na alheri su rinjaya ranar da za a auna na kowa. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon kai abin da aka ba mu amana.

Jibi zan koma Yamai. Tun jiya ake sallama a zaure, an riga an tara mini ƙunshi shida, har da kwalin cukun tsohuwar nan mai sanda. Ɗazu na fito zan wuce, na tsinci kaina na sunkuya na ɗaga shi, na ɗan jijjiga. Ban san ko kilo nawa ne ba. Zan dai kai.